Yadda ake koyon regiresiyon don gwada hasashen tattalin arziki, da misalin hatsin Maraɗi

A Maraɗi ba a rasa mai bayanin farashi. Dillalin hatsi zai ce maka tiya ta yi tsada ne don ƴan Najeriya sun shigo saye. Ɗan canji zai ce naira ce ta motsa. Manomi daga Gidan Rumji zai ce ruwa ne ya ɗauke a daidai lokacin da hatsi ke fid da kai. Sau da yawa kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Aikin lissafin regiresiyon shi ne ya ɗauki irin wannan magana ya auna ta da alƙaluma: da gaske ne, kuma idan da gaske ne, da nawa? Na rubuta wannan ne don ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke shirin memuwar, wato kundin kammala karatu, da ma'aikacin ƙungiyar raya karkara da aka ɗora wa rahoto, da duk wanda ya iya tarawa da ninkawa kuma yana da haƙuri. Danna maɓalli a kwamfuta shi ne ƙaramin aiki a cikin sha'anin. Nauyin yana kan abin da ka yi kafin dannawa da abin da ka yi bayanta.

Rubuta hasashenka kafin ka ga lamba ko ɗaya

Ka ɗauki takarda ka rubuta jimla guda wadda alƙaluma za su iya ƙaryatawa. "Najeriya tana shafar kasuwar Maraɗi" ba ta gwaduwa, don babu lambar da za ta fito ta ce a'a. Amma idan ka ce, "Duk lokacin da farashin hatsi ya tashi a Jibiya, na Maraɗi yana bin sa cikin wata ɗaya ko biyu, ko da bai kai tashinsa ba," to ka ba alƙaluma damar su kama ka.

Abin da kake son bayyanawa shi ake kira Y, a nan farashin Maraɗi. Abin da kake zaton shi ke jan sa shi ne X, farashin Jibiya. Ka rubuta ko kana tsammanin su tashi tare ko ɗaya ya tashi ɗaya ya sauka, ka rubuta dalili: ɗan kasuwa yana kai buhunsa inda ya fi daraja muddin ribar ta wuce kuɗin mota da na hanya. A ƙarƙashi ka rubuta kishiyar hasashen, wadda littattafai ke kira H0: babu wata alaƙa. Ita ce za ka yi ƙoƙarin kayarwa.

Wannan takardar tana da amfani fiye da yadda ake zato. Wanda ya fara da alƙaluma, ya dinga jefa X daban-daban yana neman wanda zai "yi kyau", lalle zai samu. A bisa iyakar kashi 5 cikin 100 da aka saba amfani da ita wajen yanke cewa sakamako ba dace ba ne, cikin X ashirin da ba ruwansu da Y, ana tsammanin guda ya fito kamar yana da tasiri, ta hanyar dace kawai.

Tara alƙaluma, ka tsabtace su

Farashin hatsi, dawa, masara da wake na kasuwannin ƙasar nan hukumar SIMA ce ke tattarawa, tana fitar da rahoton mako da na wata, kuma tana bin wasu kasuwannin ƙetaren iyaka irin su Jibiya. Farashin dabbobi yana wajen SIM Bétail. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a Yamai, ita ke da binciken rayuwar iyalai: ECVMA na 2011 da 2014, wanda ya shiga har gona-gona, da EHCVM na 2018 zuwa 2019. Ana samun su a rumbun bayanan Bankin Duniya a intanet bayan an yi rajista. PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da FEWS NET, cibiyar gargaɗin yunwa, su ma suna wallafa farashin kasuwanni na wata-wata. Na ruwan sama kuwa akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da cibiyar AGRHYMET, da ƙiyasin tauraron ɗan adam na CHIRPS wanda ya faro daga 1981.

Idan da ƙafarka za ka shiga kasuwa ka tara, a nan ne ake yawan ɓarna. Mai awo ta ce maka tiya "ɗari da ashirin", tana nufin dala, wato sefa 600. Yaron da ka aika Tasawa ya rubuta 120, na Dakoro ya rubuta 600, teburinka ya nuna kamar farashi ya ninka biyar tsakanin gari da gari. Ka yanke tun farko cewa kowa da sefa zai rubuta. Tiya kanta ba ɗaya ba ce. Ana ɗaukar ta kusan kilo 2 da rabi na hatsi, amma kwano ya bambanta, tozon da ake yi mata ya bambanta, har hannun da mai awo ke tarewa da shi yana ƙara wani abu. Ka auna a sikeli a kowace kasuwa, ka mayar da komai farashin kilo. Ka kuma tambaya ko farashin sari ne ko na awo, kada ka haɗa su a ginshiƙi ɗaya.

Farashin Jibiya da naira yake, sai ka mayar da shi sefa. Ka yi amfani da canjin da ƴan kasuwa ke samu a hannun ƴan canji, domin kafin watan Yuni 2023 akwai tazara mai faɗi tsakaninsa da canjin hukuma na Najeriya, kuma babu mai sayen hatsi da na hukuma.

A tebur, kowane wata layi ɗaya, kowane abin aunawa ginshiƙi ɗaya. Watan da ba a samu farashi ba ka bar gurbinsa fanko, kada ka sa 0, don kwamfuta za ta ɗauka kyauta aka raba hatsi. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, suna rubuta 2,5 da waƙafi, alhali fayilolin da ake saukowa daga intanet 2.5 suke rubutawa da ɗigo. Idan ka ga lamba ta maƙale a hagun gurbi a Excel, ya ɗauke ta a matsayin rubutu ke nan, sai ka gyara kafin ka ci gaba.

Bayan haka ka zana. X a kwance, Y a tsaye, kowane wata ɗigo ɗaya. Ka kuma zana kowannensu da tafiyar lokaci. Ɗigon da ya yi nisa da ƴan uwansa ka bi shi ka ga asalinsa. Idan kuskuren rubutu ne, ka gyara. Idan tsadar damina ta 2005 ce, shekarar da yunwa ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, wannan gaskiya ce da ta faru, ba a goge ta don layi ya miƙe.

Ka yi guda da hannu, sau ɗaya

Ina ganin duk wanda bai taɓa yin lissafin nan da biro ba zai daɗe yana tsoron teburin da kwamfuta ke fitarwa. Bari mu ajiye farashi tukuna mu ɗauki ƙaramin misali. Lambobin na koyarwa ne, ba na wani bincike ba. Gonaki biyar masu girma ɗaya, X yawan amalanken takin gida da aka zuba, Y damman hatsin da aka ɗaure:

| Amalanke (X) | 0 | 1 | 2 | 3 | 4 |
|---|---|---|---|---|---|
| Dami (Y) | 20 | 27 | 29 | 38 | 41 |

Muna neman layi, Y = a + bX, da zai ratsa tsakiyar ɗigon nan kamar yadda magini ke jan igiya don ya ga tubalin da ya fita da wanda ya shige. Babu layin da zai taɓa dukansu. Tazarar kowane ɗigo daga layin ita ce ragowa. Layin da ake zaɓa shi ne wanda idan aka ninka kowace ragowa da kanta aka tara, jimlar ta fi ƙanƙanta. Bafaranshe Legendre ne ya fara wallafa dabarar a 1805. Malamanmu na nan MCO suke ce mata, na Katsina da Kano OLS.

Matsakaicin X shi ne 2, na Y kuwa 155 raba 5, wato 31. Cire matsakaici daga kowace lamba. X ya zama −2, −1, 0, 1, 2. Y ya zama −11, −4, −2, 7, 10. Ninka su biyu-biyu: 22, 4, 0, 7, 20, jimla 53. Ninka na X da kansu: 4, 1, 0, 1, 4, jimla 10. To b shi ne 53 raba 10, wato 5.3. Shi kuma a, matsakaicin Y ne a cire b sau matsakaicin X: 31 − 10.6 = 20.4.

Yanzu ka faɗe shi da baki, yadda manomi zai ji: gonar da ba ta ga taki ba ana sa ran dami 20 da ɗan ɗoriya, kuma kowane amalanke guda yana tafiya da ƙarin dami 5 da ɗan abu. Idan ba ka iya faɗin b da dami ko tiya ko sefa ba, ba ka gama fahimtarsa ba.

Saura tambayar aminci. Da wasu gonaki biyar ka zaɓa, b zai fito daban. Nawa zai iya rawa? Layin yana hasashen 20.4, 25.7, 31, 36.3, 41.6. Ragowar ita ce −0.4, 1.3, −2, 1.7, −0.6. Ninka kowacce da kanta ka tara, za ka samu 9.1. Raba da 3, wato gonaki 5 a cire lambobi 2 da muka ƙiyasta, ka samu 3.03. Raba da 10 ɗin nan na X, ka ɗauki tushen murabba'i: 0.55. Wannan shi ne kuskuren ƙiyasin b. Idan ka raba 5.3 da 0.55 ka samu lambar t, kusan 9.6. Da gonaki biyar kacal, teburin t yana neman ka wuce 3.18. Idan alƙaluma suna da yawa, iyakar tana sauka zuwa kusan 2. Mun wuce, H0 ta faɗi.

Sai dai babu manomin da ke shakkar taki yana ƙara amfani. Tambayarsa ita ce ko yana biyan kuɗinsa. A ce amalanke da ɗaukarsa suna cin kuɗin dami 3. To abin gwadawa shi ne ko b ya wuce 3, ba ko ya wuce 0 ba: 5.3 a cire 3, a raba da 0.55, ya ba da kusan 4.2, har yanzu sama da iyaka. Wannan ne gwajin tattalin arziki na ainihi, kuma kwamfuta ba za ta yi maka shi ba sai ka nema, don ita kullum da 0 take gwadawa.

Sannan kwamfuta

Excel ya isa farawa. A na Faransanci, PENTE yana ba da b, ORDONNEE.ORIGINE yana ba da a, DROITEREG yana ba da su duka har da kuskuren ƙiyasi. Ka zuba gonakin nan biyar ka tabbatar 5.3 da 0.55 sun fito. Daga nan ka koma Gretl. Kyauta ne, ba shi da nauyi, yana aiki babu intanet, yana da Faransanci, kuma an gina shi ne don irin wannan aikin. R ma kyauta ne, ya fi shi faɗi, amma da rubutu ake ba shi umarni: lm(y ~ x) sannan summary. Stata da EViews na kuɗi ne. Idan sashenku yana da lasisi, madalla, idan babu, ba abin da memuwar ke bukata da Gretl ba ya yi.

A teburin da zai fito, ka fara duba yawan layukan da ya yi aiki da su, don yana zubar da duk layin da ke da gurbi fanko. Sannan alamar b, sannan girmansa, sannan kuskuren ƙiyasi. Lambar p tana nufin: in da H0 gaskiya ce, sau nawa za a ga sakamako mai ƙarfin wannan ko fiye? Ba ta nufin yiwuwar cewa hasashenka daidai ne. R² kuwa kason bambancin Y ne da layin ya kama, a misalinmu 0.97. Ɗalibai suna ƙaunarsa fiye da kima. A binciken iyalai, 0.2 ba abin kunya ba ne, kuma a farashin wata-wata, 0.95 na iya zama alamar matsala.

Abin da ka bari a waje

Nan ne zuciyar karatun. Mu koma gonakin. Wa ke da amalanke huɗu na taki? Mai shanu. Mai shanu kuwa yana da garma, yana iya biyan ƴan ƙwadago su yi noman fari da maimai a kan kari, wataƙila gonarsa tana bakin gari inda ƙasa ta daɗe tana cin shara da toka. Duk wannan yana ƙara dami, kuma tunda ba ka sa shi a lissafi ba, b ya haɗiye shi ya kumbura. Akwai kuma ta ɗaya gefen: manomi yakan kai taki inda ƙasa ta fi gajiya, sai taki ya bayyana kamar ba ya aiki sosai. Layi guda ba zai raba maka waɗannan ba.

Mafita ta farko ita ce ƙara ginshiƙai: yawan shanu, ranakun ƙwadago, nisan gona daga gari, yawan itatuwan gawo a cikinta, ruwan da ƙauyen ya samu. Abin da ba lamba ba, kamar jigawa ce ko geza, sai ka ba shi ginshiƙin 0 da 1. Idan rukuni uku ne, jigawa, geza da fadama, ginshiƙi biyu za ka yi, na ukun ya zama ma'auni. Yanzu b yana nufin ƙarin dami tsakanin gonakin da suka yi daidai a sauran abubuwan. Ka lura da yadda ya motsa bayan ƙarin. Idan ya sauko daga 5.3 zuwa 2, to shanun ne ke magana tun ɗazu. Ka gwada sa X ninki kansa kuma, don amalanke na goma ba ya ƙara abin da na farko ya ƙara.

Kada ka sa abin da X ɗin kansa ke haifarwa. Tsayin kara a watan Agusta sakamakon taki ne. Ka sa shi, ka toshe hanyar da kake son aunawa.

Mafita mafi ƙarfi ita ce neman wani canji da ya zo daga waje, wanda ba manomi ko ɗan kasuwa ne ya zaɓa ba. A ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin misalan da aka fi ambata. Jenny Aker ta bi yadda layin salula ya riƙa isa kasuwannin Nijar ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2001 da 2006, ta kwatanta kasuwannin da ya isa da waɗanda bai isa ba, kafin da bayan zuwansa. Binciken da ta wallafa a 2010 ya nuna bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Lissafin regiresiyon ne dai, amma ƙarfinsa daga tsarin kwatancen ya fito.

Komawa Jibiya da Maraɗi: tarkon lokaci

Alƙaluman wata-wata suna da nasu haɗarin. Duk abubuwa biyu da ke hauhawa da shekaru za su nuna alaƙa ko ba su san juna ba. Yawan baburan kabu-kabu a Maraɗi da farashin tiya za su ba ka t babba da R² mai kyau. Granger da Newbold suka fito da wannan fili a 1974, kuma daga aikinsu aka samu alama mai sauƙi: idan R² ya fi lambar Durbin-Watson girma (lambar da ke auna ko ragowar wannan watan tana bin ta watan jiya), ka yi shakkar sakamakon.

Ga yadda za ka bi. Ka ɗauki logaritim na farashin biyu, don b ya karantu da kashi cikin 100. Ka yi wa kowanne gwajin Dickey-Fuller, yana cikin Gretl, ka ga ko farashin yana komawa wani mazauni ko yana yawo ne kawai. Idan mai yawo ne, ka yi aiki da canjin wata zuwa wata maimakon farashin kansa. Ka sa canjin Jibiya na wannan watan, da na watan jiya, da na wanda ya gabace shi, tunda hasashenka ya ce wata ɗaya ko biyu. Ka sa ginshiƙan 0 da 1 na watanni 11, domin hatsi yana araha da kaka yana tsada da damina a garuruwan biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa su yi kamar suna bin juna. Idan b ukun sun taru sun ba da 0.4, ma'anarsa tashin kashi 10 a Jibiya yana tafiya da tashin kashi 4 a Maraɗi.

Tarihin iyaka ya ba ka gwaji mai kyau. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe tsakaninmu bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ka yi ginshiƙi mai 1 a waɗannan watanni, ka kuma ninka shi da canjin Jibiya ka sa a lissafi. Idan kasuwanci ta Ɗan Isa ne ke ɗaure farashin biyu, alaƙar za ta yi rauni a lokacin rufewa. Idan ba ta yi ba, ko dai kaya sun ci gaba da bi ta barauniyar hanya, ko kuma damina ɗaya ce ke juya su tare. Kowanne ya fito, ka samu abin rubutawa.

Abu guda da wannan lissafin ba zai yanke maka ba shi ne wa ke jan wa. Hatsi yana shigowa daga kudu a wasu shekaru, wake da dabbobi suna fita, kuma tsadar Maraɗi kanta tana iya ɗaga farashin Jibiya idan ƴan kasuwarmu suka yi cincirindo can. Don haka ka rubuta "yana tafiya da", ka ajiye "yana haddasa" sai kana da hujjar da ta wuce layin.

Duba ragowa, sannan ka rubuta

Ka zana ragowar. Idan ta yi baka, alaƙar ba miƙaƙƙiya ba ce. Idan tana buɗewa yayin da X ke girma, kamar yadda kashe kuɗin masu hali ya fi na talakawa bambanta, ka zaɓi kuskuren ƙiyasi irin na White, wanda ya fito a 1980, akwati ɗaya ne za ka danna a Gretl. A alƙaluman wata-wata ka zaɓi na Newey-West. Idan gonakinka daga ƙauyuka kaɗan suke, ka gaya wa kwamfuta ta haɗa su ƙauye-ƙauye, domin gonaki talatin da hadari ɗaya ya shayar ba shaidu talatin ba ne masu zaman kansu. Waɗannan gyare-gyaren ba sa taɓa b, kuskuren ƙiyasi kawai suke gyarawa, kuma galibi suna faɗaɗa shi.

A rahoto, ka nuna lissafin farko mai X ɗaya da na ƙarshe gefe da gefe, tare da yawan layuka, shekarun da aka ɗauka da inda alƙaluman suka fito. Ka ba da iyaka biyu, ba lamba ɗaya ba: a misalin taki, tsakanin dami 3 da rabi zuwa 7 ga kowane amalanke. Idan H0 ba ta faɗi ba, ka rubuta haka ɗin, ka faɗi ko iyakokin sun yi faɗi ne saboda ƙarancin alƙaluma, ko kuwa sun matse kusa da 0, don hukuncin biyu ba ɗaya ba ne. Ka adana fayil ɗin asali ba tare da ka taɓa shi ba, da umarnin da ka bai wa Gretl ko R, a kile USB da kuma akwatin imel ɗinka, saboda ranar kare memuwar malami na iya cewa ka cire shekarar 2005 ka sake lissafin a gabansa.